Kwalekwalen Dufuna da Lissafin Shekara Dubu Shida

A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da katako a zurfin kusan mita 5. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono shi gaba ɗaya a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8 da ɗoriya, an fafe shi daga gungumen maɗaci guda. An kai gutsuren katakon ɗakunan bincike biyu a Jamus, kowanne ya yi awonsa daban, amsar ta fito kusa da juna: kwalekwalen ya kai shekara 8,000. Sunan ƙauyen ya yi kama da ruwan Ɗufana na zamanin Nuhu, amma kama da wane ba wane ba ne.

Ga inda gizo ke saƙar. Yaron da aka koya masa a ajin Lahadi cewa shekarun duniya 6,000 ne, ran da ya ji labarin wannan kwalekwale zai ga an fafe shi shekara 2,000 kafin a yi duniyar da bishiyar ta tsiro a kanta. Daga nan sai ya ɗauka dole ya zaɓi ɗaya, ko Littafi Mai Tsarki ko malamin kimiyya. A ganina an ɗora masa kayan da ba nasa ba. Babu ayar da ta ce shekarun duniya 6,000 ne. Lissafi ne da mutane suka yi, kuma duk mai biro da takarda zai iya maimaita shi ya ga inda yake yoyo.

Wanda lissafinsa ya fi shahara shi ne James Ussher, akbishop na Armagh a Ayalan. A 1650 ya wallafa cewa an fara halitta da yammacin da ya gabaci Lahadi, 23 ga Oktoba, shekara ta 4004 kafin haihuwar Almasihu. Tun daga 1701 aka riƙa buga shekarunsa a gefen shafukan Baibul na Turanci, har mutane suka saba ganin 4004 kusa da Farawa 1:1 kamar wani ɓangare ne na nassi. Kada a raina mutumin. Malami ne na gaske, ya yi aiki da abin da ke hannunsa a lokacin da babu wanda ya san yadda ake auna shekarun dutse.

Ga yadda ake yi. A buɗe Farawa sura 5, a ɗauki shekarun kowane uba a lokacin da ya haifi wanda ya biyo shi: Adamu 130, Shitu 105, Enosh 90, Kenan 70, Mahalalel 65, Yared 162, Anuhu 65, Metusela 187, Lamek 182. A ƙara shekarun Nuhu lokacin ruwan tsufana, 600. Jimilla 1,656. Sai a wuce sura 11 a yi haka har zuwa Ibrahim, a ɗora shekara 430 na Fitowa 12:40, a ɗora 480 na 1 Sarakuna 6:1 zuwa ginin haikalin Sulemanu, sannan a bi shekarun sarakuna har a iso wata shekarar da tarihin Babila ya tabbatar.

Yoyo na farko yana cikin kwafin da aka ɗauka. Wancan 1,656 na nassin Ibrananci ne, wanda yawancin fassarorinmu suka bi. Tsohuwar fassarar Girkanci, wadda marubutan Sabon Alkawari suka sha ɗauko aya daga cikinta, ta ce Adamu yana da 230 ya haifi Shitu, kuma jimillarta zuwa ruwan tsufana ta kai 2,242. Kwafin Attaura na Samariyawa kuwa 1,307 ya bayar. Shi ya sa kalandar Yahudawa ta fara daga 3761 kafin Almasihu, ta cocin Bizantiya ta fara daga 5509. Tazarar ta haura shekara 1,700 tsakanin mutanen da duk suke girmama littafi ɗaya.

Na biyu, ko a cikin kwafi guda sai mai lissafi ya yanke hukunci. Farawa 11:26 ta ce Tera yana da 70 ya haifi Abram da Nahor da Haran. Amma Tera ya mutu yana da 205, Ibrahim ya bar Haran yana da 75, kuma Ayyukan Manzanni 7:4 ta ce bayan mutuwar ubansa ya tashi. A cire 75 daga 205, saura 130. To, 70 za a ɗauka ko 130? Ussher ya ɗauki 130. Wani ya ɗauki 70, shekara 60 sun tafi ke nan. Haka 430 na Fitowa: Ibrananci ya ce zaman Masar ne kaɗai, Girkanci da kwafin Samariyawa suka ce zaman Masar da Kan'ana ne haɗe.

Na uku shi ne mafi nauyi. Jerin asali a Littafi Mai Tsarki yana tsallake sunaye, kuma da gangan. Matiyu 1:8 ta ce Yoram ya haifi Azariya, alhali littafin Sarakuna ya nuna akwai sarakuna uku a tsakaninsu: Ahaziya, Yowash da Amaziya. Matiyu ya san da su. Ya tsara jerinsa ne kashi uku, kowanne suna 14. Luka 3:36 ta sa wani Kenan tsakanin Arfakshad da Shela, wanda babu shi a Farawa 11 ta Ibrananci. Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba, tunda kullum muna ce wa mutum ɗan Adam ba tare da nufin Adamu ne ya yanka masa ragon suna ba. A duba kuma tsarin: suna 10 daga Adamu zuwa Nuhu, suna 10 daga Shem zuwa Ibrahim, Nuhu da 'ya'ya uku, Tera da 'ya'ya uku. William Henry Green na makarantar tauhidi ta Princeton, mutumin da ba wanda ya taɓa zargi da wasa da nassi, ya kafa wannan hujja tun 1890. Ya kuma lura cewa nassi da kansa yana tara shekaru idan ya ga dama, kamar 430 da 480 ɗin nan, amma bai taɓa tara na Farawa 5 da 11 ba.

Masu riƙe da 6,000 suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce Matiyu bai ba da shekaru ba, Farawa 5 kuwa ta bayar, saboda haka ko an tsallake suna lissafin yana nan. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai Kenan na Luka ya tsaya mata a wuya. Ni ma ba zan ce giɓin sunaye zai iya haɗiye shekara miliyoyi ba. Abin da ya nuna kawai shi ne ba a rubuta jerin don ya zama kalanda ba. Ban da haka, jerin daga Adamu ya fara. Bai ce kome ba game da daɗewar sama da ƙasa.

Mu koma kan kwalekwale. Yaya aka san shekarunsa?

A can saman iska, haskoki daga sararin samaniya suna bugun naitirojin su mayar da shi wani nau'in kabon da ake kira kabon-14. Kaɗan ne ƙwarai, kusan ƙwaya ɗaya cikin tiriliyan na kabon ɗin da ke iska. Bishiya tana shaƙarsa muddin tana raye. Ran da aka sare ta, shiga ta tsaya, wanda ke ciki ya fara raguwa, kuma duk shekara 5,730 rabinsa ke tafiya. Wannan shi ne wa'adin rabi. Katakon da aka sare bayan ruwan tsufana bisa lissafin Ussher, wato bayan 2348 kafin Almasihu, ya kamata a tarar da kusan kashi 60 cikin 100 na kabon-14 ɗinsa. A katakon Dufuna kusan kashi 40 ya rage.

Awon yana da inda yake ɓaci, kuma masu yinsa ne suka fara faɗa. Yawan kabon-14 a iska bai tsaya wuri ɗaya ba a tsawon tarihi, don haka ɗanyen sakamako sai an gyara shi. Da zoben bishiya ake gyarawa. A ƙasashen sanyi bishiya tana ƙara zobe ɗaya a gungumenta kowace shekara, mai kauri a shekarar albarka, siriri a shekarar wahala. Ana jera gungumen yau da katakon tsofaffin gine-gine da gumagumai da aka tono daga gaɓar koguna, ana haɗa su a inda zanen zobensu ya dace, har aka samu jeri marar yankewa da ya haura shekara 12,000 a Jamus. Wannan ƙirge ne da ido, ɗaya bayan ɗaya. Da aka gwada kabon-14 a kan zobban da aka san shekarunsu, sai aka ga a wancan zamanin ɗanyen awon ragewa yake yi. Sakamakon Dufuna na farko ya nuna tsakanin 7,300 da 7,700, gyaran ne ya tura shi 8,000 da ɗoriya. Sauran matsalolin: bawon dodon koɗi da ƙashin kifi sukan nuna tsufan da ba su da shi, domin sun ci tsohon kabon na cikin ruwa. Sannan bayan shekara 50,000 abin da ya rage ya yi ƙanƙanta har ba a iya dogara da shi. Idan sabon kabon kashi 1 cikin 100 ya gurɓata abin da ya shekara miliyoyi, na'ura za ta nuna kusan 38,000. Duk wanda ya ce maka an auna ƙashin dainoso da kabon-14 an samu 'yan dubbai, to gurɓata ya auna.

Shekarun duniya kuwa ba da kabon ake auna su ba sam. Da yuraniyom ne, a cikin wani ƙanƙanin lu'ulu'u mai suna zarkon, wanda bai fi ƙwayar yashi ba. Sa'ad da zarkon ke daskarewa daga narkakken dutse yana karɓar yuraniyom, yana ƙin dalma. Don haka dalmar da aka tarar a cikinsa daga baya, yuraniyom ne ya rikiɗe ya zama ita. Daɗin abin, agogo biyu ne a ƙwaya ɗaya: yuraniyom-238 yana zama dalma-206 da wa'adin rabi na shekara biliyan 4.47, yuraniyom-235 yana zama dalma-207 da wa'adin miliyan 704. Idan zafi ya taɓa ƙwayar har dalma ta zube, agogon biyu za su saɓa, mai awo ya gane nan take. Idan suka yi daidai, da wuya a ce tsautsayi ne. Zarkon mafi tsufa da aka samu, daga Jack Hills a Ostireliya, ya nuna biliyan 4.4. Clair Patterson, wani masanin kimiyya ɗan Amurka, ya auna dalmar duwatsun da suka faɗo daga sama, a 1956 ya ba da biliyan 4.55, kuma har yau adadin bai gusa sosai ba, yana kan 4.54. Duwatsun Jos da ake samun kuza a cikinsu yara ne a wannan ma'auni, sun ɗan haura miliyan 150.

Akwai labarin da ke yawo cewa an ɗauki sabon dutse daga dutsen St Helens na Amurka, wanda ya yi aman wuta a 1980, aka auna aka samu dubban ɗaruruwan shekaru. Haka aka yi. Amma da fotasiyom da agon aka auna, agogon da wa'adin rabinsa biliyan 1.25 ne, a kan dutsen da bai fi shekara 10 ba kuma yana ɗauke da tsofaffin ƙwayoyi da ba su narke ba. Wanda ya ɗora zoben gwal a sikelin buhunan masara bai kamata ya zargi sikelin ba. Wasu kuma suka ce wataƙila a da rikiɗewar ta fi sauri. Matsalar ita ce zafi. Kowace rikiɗewa tana fitar da shi, kuma idan aka matse ta shekara biliyoyi cikin mako ɗaya ko shekara ɗaya, ɓawon duniya zai narke. Masu binciken da ke goyon bayan 6,000 a Amurka sun yarda da kansu a rahotonsu na 2005 cewa akwai wannan matsala.

Sama ma tana da nata shaidar. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, daga rana ya iso mana cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu. Garken taurari na Andromeda, wanda ake iya hangowa da ido a daren da babu wata, haskensa shekara miliyan 2.5 ya yi a hanya. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara nuna da lissafi cewa sararin samaniya yana buɗewa, Georges Lemaître, limamin Katolika ne ɗan Beljiyom, a 1927. Da Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana nuna kamar kimiyya ta tabbatar da Farawa, Lemaître bai ji daɗi ba. Ya san wanda ya jingina bangaskiyarsa da wani nazari, ran da nazarin ya motsa shi ma zai motsa.

To, yaya za a karanta kwanaki shida?

An gwada hanyoyi. Wasu sun ce akwai doguwar tazara tsakanin aya ta 1 da ta 2, duniyar farko ta lalace aka sake gyara ta cikin mako guda. Thomas Chalmers na Sikotilan ya yaɗa wannan a farkon ƙarni na 19, Baibul mai sharhi na Scofield ya ɗauka a 1909. Nahawun Ibrananci bai goyi bayansa sosai ba, duwatsu ma ba su nuna irin wannan rushewar ba. Philip Gosse a 1857 ya ce an halicci duniya da kamannin tsufa. Ba a iya ƙaryata wannan da awo, sai dai yana nufin Allah ya binne kwalekwalen da ba wanda ya fafe, ya aiko hasken fashewar taurarin da ba su taɓa fashewa ba. Ban ga yadda mai cewa Allah ba ya ƙarya zai kwana da wannan ba.

Wadda ta fi farin jini ita ce a ce kowane kwana zamani ne mai tsawo, a kawo Zabura 90:4 da 2 Bitrus 3:8. Gaskiya ne kalmar Ibrananci yom tana ɗaukar fiye da awa 24, Farawa 2:4 ma ta kira dukan aikin rana ɗaya. Amma a jera a gani. Farawa ta sa itatuwa masu 'ya'ya a kwana na 3, rana da wata a na 4, kifi da tsuntsu a na 5, dabbobin tudu a na 6. Duwatsu kuwa sun nuna teku ya cika da dabbobi sama da shekara miliyan 500 da suka wuce, masu ƙafa huɗu suka hau tudu wajen miliyan 370, tsuntsu ya bayyana wajen miliyan 150, itatuwa masu fure suka zo bayansa. Ko an ja kwanakin kamar danƙo, jerin bai hau ba.

Abin da na fi gamsuwa da shi yana cikin surar kanta. Aya ta 2 ta faɗi matsala biyu: duniya ba ta da siffa, kuma babu kome a cikinta. Kwanaki uku na farko suna ba da siffa ta hanyar rabawa: haske da duhu, ruwan sama da ruwan ƙasa, teku da tudu. Uku na biyu suna cika ɗakunan da aka raba, kowanne daura da ɗan'uwansa. Na 4 ya cika na 1 da rana da wata da taurari, na 5 ya cika na 2 da tsuntsaye da kifaye, na 6 ya cika na 3 da dabbobi da mutum. Haka magini ke ba da labarin gida, ɗaki da kayansa. Kwana na 7 shi kaɗai ba a ce masa ga maraice ga safiya ba, kuma Ibraniyawa sura 4 ta ɗauke shi a matsayin hutun da har yanzu ƙofarsa a buɗe take. A lura kuma aya ta 16 ta ƙi kiran rana da wata da sunansu, sai babban haske da ƙaramin haske, domin maƙwabtan Isra'ila gumaka suka ɗauke su. An mayar da su fitilu. Da masu bautar rana surar ke jayayya, ba da masu auna zarkon ba. Sura ta 2 ma ta kawo nata jerin daban, mutum kafin dabbobi, mace a ƙarshe, kuma wanda ya ajiye surorin biyu gefe da gefe bai ga saɓani ba.

Kada a ce tsoron kimiyya ne ya haifi wannan karatu. Origen na Iskandariya, a ƙarni na 3, ya tambaya wane mai hankali ne zai ce an yi maraice da safiya har kwana uku ba rana ba wata. Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya ɗauka a lokaci guda aka yi halitta duka, ya kuma gargaɗi Kirista kada ya riƙa sakin baki kan sama da ƙasa a gaban arnen da ya fi shi sani, har a yi wa nassi dariya. John Calvin, malamin tauhidi, a 1554 ya lura cewa tauraron da Turawa ke kira Saturn ya fi wata girma, amma Musa ya kira wata babba don ya yi magana ne yadda idon talaka ke gani. Ayar da ta fi wahalar da wannan karatu ita ce Fitowa 20:11, inda aka kafa Asabar a kan kwanaki shida. Amsar da aka fi bayarwa ita ce misali ne aka yi, makon Allah abin koyi ga makon mutum, kamar yadda Fitowa 31:17 ta ce ya huta ya wartsake, ba wanda kuma ya ɗauka gajiya ya yi.

Inda ƙullin ya rage da gaske shi ne Adamu. Ƙasusuwan Jebel Irhoud a Maroko sun kai asalin irinmu wajen shekara 300,000, kuma bambancin ƙwayoyin gadon mutanen yau yana nuna kakanninmu dubbai ne, ba biyu ba, a duk tsawon wannan lokaci. Bulus kuwa a Romawa 5:12 ya rataya shigowar zunubi da mutuwa a kan mutum ɗaya. Batun mutuwar dabbobi ya fi sauƙi. Ayar ta ce mutuwa ta bi dukan mutane, ba ta ambaci dabba ba, Zabura 104:21 kuma ta ce zakoki a wurin Allah suke neman abincinsu. Don haka ƙaton kadan nan Sarcosuchus da aka tono a Gadoufaoua cikin hamadar Nijar, wanda ya yi farauta shekara miliyan 110 da suka wuce, ba ya rushe kome.

Batun mutum ne mai wuya. Derek Kidner da John Stott, malaman bishara na Ingila, sun ɗauki Adamu mutum ne na gaske da Allah ya kira ya tsaya a madadin sauran, kamar sarki da jama'arsa. Suna da abin kamawa a sura ta 4: Kayinu yana tsoron wanda zai same shi ya kashe shi, ya yi aure, ya gina birni, kuma shi manomi ne ƙanensa makiyayi, sana'o'in da ba su wuce shekara 12,000 ba. Cocin Katolika tun 1950 ta bar ƙofa a buɗe kan asalin jikin mutum, ta riƙe cewa rai daga Allah yake kai tsaye, amma ta yi ɗari-ɗari da batun kakanni masu yawa. Kowace hanya tana da kuɗinta. Mai bin Kidner sai ya bayyana matsayin mutanen da suka rayu kafin Adamu, da abin da Farawa 3:20 ke nufi da ta kira Hawwa'u uwar masu rai duka. Mai tura Adamu can baya ga shekara 300,000 kuma sai ya bayyana yadda aka yi ɗansa na fari yake riƙe da fartanya.